Gansakuka mai gashi ta rufe duwatsun tankin murjanina, alhali awo yana nuna sifili

Ɗan Hindawiya, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Na zo da wata matsala da ta yi kusan wata uku tana hana ni sukuni, kuma zan zayyana ta dalla-dalla domin kada mai ba ni shawara ya yi ta lalube cikin duhu.

Wata takwas ke nan da na kafa tankin gilashi na ruwan gishiri a falon gidanmu. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa 50, zurfinsa 50, wato yana cin lita 300, kuma a ƙarƙashinsa akwai ƙaramin tanki inda injin kumfa mai cire datti da famfon mayar da ruwa suke. Busassun duwatsu na saya a shago na jera, ban sa dutse mai rai ba, domin an tsorata ni da cewa yakan zo da tsutsotsi da ƙaguwoyi masu ɓarna. Kifaye shida ne a ciki: biyu irin masu ratsin fari biyu na Bahar Maliya, Amphiprion bicinctus, sai ƙananan Chromis huɗu. Murjanin kuwa yawancinsa mai laushi ne, Zoanthus da Sarcophyton, sai reshe ɗaya na Stylophora da na ɗora a can sama kusa da haske.

A watannin farko wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashin, ta yi makonni ta tafi da kanta, har na ɗauka na tsallake wahalar. A wata na biyar sai na ga ɗan tsiro kore a kan dutsen da ya fi kusa da fitila, mai laushi kamar gashin jariri, ban ma kula da shi ba. Yau ya kai tsawon yatsa, ya mamaye fiye da rabin duwatsun, yana kaɗawa duk inda ruwa ya tura shi. Ya ratsa tsakanin ƙwayoyin Zoanthus har sun daina buɗewa, ya kuma fara hawa gindin Stylophora, inda naman murjanin ya soma janyewa yana barin farin ƙashi. Ranar Juma'ar makon jiya na zauna bayan La'asar na tsige cikin kwano biyu, amma kafin wata Juma'ar ta zagayo ya dawo kamar ban taɓa shi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne awon fosfet da naitiret, sinadaran da gansakuka ke ci a cikin ruwa. Fosfet yana nuna sifili, naitiret tsakanin sifili da 1, nauyin gishiri 1.025, zafin ruwa tsakanin digiri 26 da 27. Fitila tana kunne awa 11 a rana. Ina ba kifin daskararren abinci ƙulli ɗaya da safe, da yamma kuma na ƙwaya, ko da yake na san yara sukan ƙara musu idan ba na nan. Ruwan da nake haɗa gishiri da shi, da wanda nake cike gurbin abin da ya ƙafe, duk daga shagon tahliya, wato mai sayar da tataccen ruwan sha, na unguwarmu nake sayowa a jarka mai lita 20. Kullum nakan ƙara kimanin lita 4, kuma duk mako biyu nakan canza lita 30. Na gwada rufe tankin da bargo kwana uku ba haske, gashin ya ɗan koɗe ya sake farfaɗowa. Na sayo katantanwa biyar, uku suka mutu cikin mako guda.

Tambayata ita ce, idan babu fosfet babu naitiret, me wannan abu yake ci yake girma haka? Wani mai shago ya ce in kwashe duwatsun duka in jiƙa su a sinadarin wanki na bilic in sake sabon lale, ko in sayi wata kwalbar magani da kifin sohal guda ɗaya. Ban yi ko ɗaya ba tukuna, na ga ya fi in fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni. Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Matatar Ruwa, Yanbu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ka kyauta da ka kawo bayanin tare da lambobinsa, domin amsar tambayarka tana cikin abin da ka rubuta da hannunka. Aikina gyaran injinan tace ruwa ne, kuma ina da tanki mai lita 500 a gida, saboda haka ta ɓangaren ruwa zan ɓullo wa maganar.

Sifilin da kake gani bai wanke tankinka ba. Awo yana nuna abin da ya rage yana yawo a cikin ruwa a daidai lokacin da ka ɗiba, ba ya ƙirga abin da ya shiga aka cinye. Idan ka shiga gida mai yara ashirin bayan Azahar ka leƙa tukunya ka tarar an suɗe ta, ba za ka ce ba a ɗora girki a gidan ba, musamman in ka ga yaran suna ta ƙiba. Gashin nan da ka tsige cikin kwano biyu, shi ne fosfet ɗinka da naitiret ɗinka, sun zama ganye. Ruwa ba ya tsami banza, don haka aikin da ke gabanka shi ne gano ƙofofin da abincin yake shigowa, kuma ni uku nake zargi.

Ta farko ita ce jarkar nan ta shagon tahliya. Yawancin ruwan da ake sha a Jidda daga teku ake tace shi a manyan tashoshi irin ta Shu'aiba, sannan a mayar masa da wasu ma'adinai domin ya yi daɗin sha kuma kada ya cinye bututu. Daga nan ya bi bututu ko motar wayit mai dakon ruwa, ya kwana a khazzan, wato tankin ajiya, na ƙasa, a tura shi na saman bene. Mai shago yana sake tace shi, amma don sha yake tacewa, kuma ruwan sha da gangan ake bar masa ɗan ma'adini. Ruwa ne mai kyau ga cikin ɗan Adam, sai dai tankin murjani ba ya fitar da abin da aka zuba masa yadda jiki yake fitarwa. Ruwan da ke ƙafewa kullum tsantsarsa ne yake tashi, duk abin da ya zo da shi yana nan a tankin. Ka lissafa: lita 4 a kwana 240 ya ba ka lita 960, canjin ruwa sau 16 ya ba ka lita 480, ga lita 300 na cikon farko. Fiye da lita 1,700 ke nan suka ratsa tankin nan. Ko da ɗan mitsitsin fosfet ne da silika a kowace lita, sun taru sun zama tsibi.

Ka sayi na'urar TDS, ƙaramar aba ce mai kamar biro kuma ba ta da tsada, ka tsoma a jarkar. Ba fosfet take aunawa kai tsaye ba, jimillar abin da ya narke a ruwan take nunawa, amma ruwan tankin murjani ana son ta nuna sifili a kansa. Hanyar samun haka ita ce injin tace ruwa na gida da ake kira RO, wanda matakinsa na ƙarshe ƙwayoyin DI ne masu zuƙe ma'adinan da suka rage. Irin masu canza launi sun fi sauƙin lura, domin suna juyawa daga shuɗi zuwa ruwan ƙasa idan sun gaji. Abu ɗaya da na koya a ƙasar nan shi ne, da rani ruwan khazzan na saman bene yana saukowa da ɗumi sosai, kuma ruwa mai ɗumi ya fi ratsa fatar matatar da gishirinsa, sai ƙwayoyin DI su riƙa ƙarewa da wuri. Ni bayan sallar Asuba nake kunna nawa, lokacin da ruwan ya huce. Ruwan da injin yake zubarwa, wanda yakan ninka mai kyaun sau uku ko huɗu, muna tara shi don goge tsakar gida.

Ƙofa ta biyu duwatsun ne. Dutsen murjani alli ne, kuma fosfet yana manne wa alli. Busasshen dutse yakan zo da nasa tun daga shago, sannan ya ƙara shan wanda ke cikin ruwanka, kuma duk lokacin da na ruwan ya yi ƙasa sai dutsen ya saki kaɗan daga ajiyarsa, a daidai wurin da gansakukar ta kafa gindi. Gwajin wannan ba wuya. Ka ciro dutse ɗaya, ka kankare shi da buroshi, ka sa shi a bokiti cikin sabon ruwan gishiri da aka haɗa da ruwa mai sifili, ka sa ɗan famfo, ka rufe kada haske ya shiga, bayan kwana huɗu ko biyar ka auna. Tun da babu mai cinyewa a cikin duhu, za ka ga gaskiyar lambar.

Batun bilic kuwa, kada ka yi. Zai kashe gansakukar, ya kashe ƙwayoyin bakteriyar da ka yi wata takwas kana reno, amma fosfet ɗin da ya manne a dutse yana nan inda yake, kuma farin dutse wanda ba kowa a kansa shi ne filin da gansakuka ta fi saurin kamawa. Abin da ke zuƙe fosfet shi ne garin ƙarfen nan mai launin tsatsa da ake kira GFO. Ka fara da rabin abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ka ɗauraye shi sosai, ka sa inda ruwa ke ratsa shi a hankali.

Ta uku ita ce abinci. Ka narkar da daskararren a kofi, ka tace, ka zubar da ruwansa kafin ka ba su. Yara kuma kada ka hana su, ka dai auna rabon yini a ɗan murfi ka ce wannan ne nasu, in ya ƙare sai gobe.

Tsohon Mai Nutso, Jidda

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Duk abin da yayanka na Yanbu ya faɗa gaskiya ne, ka riƙe shi. Sai dai ina so in ƙara maka rabin da ya rage, domin na ga mutane da yawa sun tsarkake ruwansu har ya zama kamar hawaye, gashin kuma yana nan daram.

A Borsudan na tashi, na yi nutso a tudun murjanin Sanganeb tun ina saurayi, daga baya na yi shekaru ina fita da masu nutso daga gaɓar Abhur ta Jidda. Ruwan da ke can nesa da gaɓa ya fi na kowane tanki tsabta, amma ko a can gansakuka tana tsirowa a kan kowane dutsen da rana ke taɓawa. Dalilin da ido ba ya ganinta shi ne ana kiwonta dare da rana. Da hantsi za ka ga garken kifaye sun sunkuyar da kai suna bin dutse kamar tumaki a fadama, har kana jin ƙarar haƙoran kifin aku yana kankara, da dare kuma bushiyoyin teku su fito daga ramuka su ɗora daga inda aka tsaya. Akwai wani ƙaramin kifi mai duhun launi, Stegastes nigricans, wanda ake yi wa laƙabi da manomi. Yakan zaɓi ɗan fili a cikin murjani ya hana kowa kusanta, har hannun mai nutso yakan kai wa cizo. A cikin wannan fili kaɗai za ka ga gashi ya yi tsawo luf-luf, taku ɗaya daga gefensa kuwa dutse ne fes. Ruwa ɗaya ne, rana ɗaya ce, bambancin kawai shi ne nan ana kiwo, can an hana. Tankinka a yanzu gonar manomin nan ce, domin a cikin kifayenka shida babu mai cin ganye ko ɗaya.

An ga wannan a babban sikeli. A 1983 da 1984 wata cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, a tekun Karibiyan. A Jamaika, inda dama an riga an kame yawancin kifaye masu cin ganye, gansakuka ta hau kan murjani ta danne shi. Mu ma nan abin ya zo mana, domin daga ƙarshen 2022 'yar'uwarta Diadema setosum ta fara mutuwa a mashigin Aƙaba, cutar ta gangaro kudu cikin Bahar Maliya. Wanda ya san aikin da dabbar nan take yi da dare, dole hankalinsa ya tashi.

Amma kafin ka kawo masu kiwo sai ka yi musu sassabe, saboda katantanwa ba ta cin gashi mai tsawon yatsa, gajere take bi. Ka kashe famfunan, ka riƙe siririn tiyo yana zuƙo ruwa zuwa bokiti, ka matse gashin tsakanin babban yatsanka da bakin tiyon ka fizge, ruwan ya tafi da shi waje maimakon ya watsu ya kama wani wuri. Inda yatsa ba ya shiga, ka sa buroshin haƙori ka murza, gashin zai naɗe a jikinsa kamar zare a mazari. Ka yi haka duk ranar canjin ruwa, kuma ka mayar da canjin kowane mako. Duk abin da ka fitar a bokitin nan fosfet ne ya bar gidanka.

Daga nan ka nemi katantanwa irin Trochus, masu ƙoƙo kamar dala, goma ko goma sha biyu sun isa farawa. Suna jure ɗumi, kuma in sun faɗi rigingine suna iya juyawa da kansu. Ukun da suka mutu maka, ina kyautata zaton ɗaya daga cikin biyu ne: ko manyan Turbo ne na gaɓar Meziko, waɗanda suka saba da ruwa mai sanyi, ko kuma ka juye su kai tsaye daga leda. Katantanwa ba ta son canjin gishiri na farat ɗaya, sai an riƙa ɗiga mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan na kimanin awa guda. Ka ƙara da bushiya ɗaya mai gajerun ƙayoyi, Mespilia globulus, amma ka fara manne ƙananan murjaninka da gam, domin takan ɗauki duk abin da bai kafu ba ta ɗora a bayanta ta yi ta yawo da shi. Akwai kuma zomon teku, Dolabella auricularia, wata irin babbar katantanwa marar ƙoƙo a waje, wanda babu kamarsa wajen cin gashin nan. Aibinsa shi ne yakan cinye tas cikin 'yan makonni sannan yunwa ta kashe shi, don haka sai dai aro: ka yi magana da mai shago ko wani mai tanki tun farko cewa za ka mayar, kuma ka rufe bakin famfunan da raga kada su zuƙe shi.

Sohal kuwa ka bar shi a teku. Kifi ne da ke kai santimita 40, mai tsare fili, mai wuƙa a kowane gefen wutsiya, kuma na sha ganin yadda yake korar abin da ya fi shi girma a bakin tudun murjani. A lita 300 zai takura, ya takura wa kowa. Haka kifin sijan da ake sayarwa a Bangala, kasuwar kifi ta Jidda. Gwanin cin ganye ne, har irinsa da suka ratsa mashigin Suwes suka shiga Bahar Rum sun aske duwatsun gabashinsa, amma yana girma, kuma ƙayoyin bayansa suna da dafi.

Roƙona na ƙarshe, kada ƙuruciya ta ja ka zuwa bakin teku da bokiti don ɗebo katantanwa ko dutse ko reshen murjani. Doka ta hana cirar murjani, kuma tun 2021 akwai hukuma ta musamman da aka kafa don kare murjani da kunkurun Bahar Maliya. Ko ba doka ma, bushiyar da ka ɗauke daga can ka bar gurbin aikinta.

Malamar Kimiyya, Makka

Assalamu alaikum. Malam, bayan abin da Baba da Yaya suka faɗa, ina da gargaɗi guda da tambaya guda.

Tambayar ita ce, ka tabbata wace iri ce? Sunan gansakuka mai gashi ya tattara abubuwa da dama waɗanda maganinsu ya bambanta. Ka ɗebo kaɗan ka baza a farin faranti da ɗan ruwa, ka duba da kyamarar waya ka matso da hoton. Idan zare ne siriri mai santsi wanda ke fizguwa ba wuya, mai yiwuwa Derbesia ce, kuma shawarwarin da aka ba ka sun ishe ta. Idan mai kaushi ce kamar soson ƙarfe, tana tsinkewa ta bar gindi, ta fi kama da Cladophora, wadda bushiya ta fi katantanwa iya ta. Idan kuwa kowane zare yana da 'yan rassa hagu da dama kamar gashin tsuntsu, Bryopsis ce. Ita wannan tana kafa saiwa cikin ramukan dutse, yawancin dabbobin da ke kiwon gansakuka ba sa son ta, kuma tana rayuwa ko a ruwa mai ƙarancin abinci. Masu tankuna suna yi mata amfani da fulukonazol, maganin nan na cutar fungas, kimanin miligiram 5 ga kowace lita, bayan sun cire gawayin tacewa sun kuma cire kofin injin kumfa na wasu kwanaki. Bakin rassan yakan fara yin fari cikin kwanakin farko, ta mutu cikin kusan mako biyu. Ko a nan ma, abin da ta ci zai koma ruwa idan ta ruɓe, saboda haka sai an bi da canjin ruwa. Kwalbar da mai shago ya nuna maka kuwa, in ba a rubuta abin da ke cikinta ba, kada ta shiga tankin da ke da murjani.

Gargaɗin ya shafi GFO. Ni na taɓa wuce gona da iri a tankina. Na cika shi har fosfet da naitiret suka zama sifili na gaske, gashin ya mutu, na yi murna mako biyu. Sai murjanin ya koɗe, domin ƙananan halittun da ke zaune cikin namansa suna ba shi abinci da launi su ma suna buƙatar fosfet da naitiret. Bayan haka wata majina mai ruwan ƙasa, mai ƙananan kumfa a jikinta, ta rufe yashi da duwatsu, tana ƙaruwa da rana tana raguwa da dare. Dainofilajilet ke nan, wasu irinsu kamar Ostreopsis suna da guba, kuma katantanwata ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Na fi wata huɗu ina fama, har na riƙa tuna gashin da alheri, tun da shi aƙalla ana kama shi da hannu. Abin da ake nema shi ne fosfet ya zauna tsakanin 0.03 da 0.1, naitiret kuma tsakanin 2 da 10. Awon da ake kwatanta launi da ido ba ya iya rarrabe waɗannan ƙananan lambobi, sai na'ura mai nuna lamba irin ta Hanna.

Za ka karanta cewa wasu a ƙasashen waje suna ɗiga barasa a tanki don ciyar da bakteriya su cinye naitiret. Mu ba ma buƙatarta, ruwan khal fari, wato finiga, yana yin wannan aikin. Amma kai ko khal ɗin kada ka sa yanzu, domin naitiret ɗinka ya riga ya yi ƙasa. Fitila ka mayar da ita awa 8, ka rage farin haske ka bar shuɗin, kuma ka duba ko rana tana faɗowa kan gilashin ta taga da yamma. Dutsen da Zoanthus suke kai, in yana ciruwa, ka fito da shi ka ɗiga haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 a kan gashin da sirinji, ka kauce wa naman murjanin, bayan minti biyu ko uku ka ɗauraye da ruwan tankin ka mayar. Ka sa safar hannu da tabarau, ka kuma wanke hannu da sabulu, domin wasu daga dangin Zoanthus suna ɗauke da guba mai haɗari ga ido da rauni.

Ɗan Hindawiya, Jidda

Baba, Yaya, Malama, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na yi shiru mako shida ne domin in dawo da abin da na gani da idona.

Na'urar TDS ta nuna 85 a ruwan jarkar. Na sa injin RO a kicin, yanzu sifili yake ba ni. Dutsen da na rufe a bokiti ya nuna fosfet 0.31 a kwana na biyar, da na'ura mai lamba. A faranti kuma zare ne santala ba rassa, don haka ban nemi fulukonazol ba. Kowace Juma'a ina tsiga da tiyo in canza lita 30. A makon farko bokitin ya yi kore shar, a na jiya kuwa abin da na samu bai cika cokali uku ba. Trochus goma na sa, na ɗiga musu ruwa awa guda kamar yadda Baba ya ce, duk suna raye, kuma da safe ina ganin hanyar da kowace ta bi a kan dutse, fari tas kamar an ja layi. Zoanthus sun buɗe in ban da wasu 'yan ƙwayoyi a gefe da suka riga suka narke. Gindin Stylophora bai rufe ba tukuna, amma janyewar ta tsaya. Malama ta yi gaskiya game da taga, rana tana bugun kusurwar dama daga La'asar zuwa kusan Magariba, na sa labule.

Abu biyu ne suka dame ni yanzu. Fosfet da ke nuna sifili a da, yau 0.12 yake nunawa, naitiret kuma ya hau 5, alhali gashin raguwa yake yi. Shin in ƙara GFO a kan rabin da na sa? Na biyu, bushiyar da na sa tana kankare har da jan ɓawon nan mai ruwan hoda da ya fara fitowa a kan duwatsun, wanda na ji an ce alama ce mai kyau.

Mai Gyaran Matatar Ruwa, Yanbu

Madalla, ƙanena. Lambar ta hau ne saboda masu suɗe tukunyar sun ragu, yanzu awo yana ganin abin da dutsen yake saki. Kada ka ƙara GFO, ka bar shi a rabin nan, ka dai canza shi da sabo idan ka ga lambar ta yi mako biyu tana hawa ba ta sauka. Dutsen da ya ba ka 0.31 zai ɗauki watanni kafin ajiyarsa ta ƙare, kuma 0.12 ba ta da nisa da inda Malama ta ce a tsaya. Naitiret 5 kuwa daidai yake, kada ka taɓa shi.

Jan ɓawon gansakuka ce mai alli, kuma lallai ana son ta, domin inda ta rufe gashi ba ya samun wurin kamawa da sauƙi. Bushiya ɗaya ba za ta ƙarar da ita a lita 300 ba, matuƙar kalsiyam ɗinka yana tsakanin 400 da 450, alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na jure tsami, tsakanin 7 da 9, magniziyam kuma wajen 1,300. Ka auna waɗannan ukun a Juma'a mai zuwa ka kawo mana lambobin. Idan gashin ya ƙare gaba ɗaya, ka riƙa ɗaure wa bushiyar ɗan busasshen ganyen teku na nori a jikin dutse sau biyu a mako, za ta rage bin ɓawon.